Matan Koriya a Fim da Matan Koriya a Zahiri: Darasi ga Tambuwal da Kebbe

Idan ka tsaya a shagon caji da tura finafinai a bakin babban titin Sakkwato zuwa Jega, ko a Dogon Daji ko a cikin garin Tambuwal, za ka lura kasuwa ta fara sauyawa. Da can Indiya-Hausa ce ke ci ita kaɗai. Yanzu cikin masu miƙa memori akwai masu cewa a zuba musu na Koriya. Yayyenmu sun taso da Jumong, mu mun tarar da Boys Over Flowers, sai kuma Squid Game ya fito a 2021 ya karaɗe duniya. A TikTok kuwa ba a magana: saurayi ya riƙe wa budurwa lema, ya durƙusa ya ɗaure mata igiyar takalmi, 'yan mata a ƙasan bidiyon suna ta rubuta "Allah Ka ba mu irinsu".

Daga nan sai musu ya tashi. Wasu 'yan matan na ganin macen Koriya ta gama samun duniya: ga karatu, ga aiki, ga namiji mai lallashi. Wasu samarin kuma da zarar sun ji labarin cewa Koriya ta Kudu ce ƙasar da ta fi kowace ƙarancin haihuwa, sai su ce ai ga irinta nan, abin da bokon mata ke jawowa ke nan. Ɓangarorin biyu duka kallon kitse suke yi wa rogo. Labarin matan Koriya ya fi haka tsawo, kuma wani yanki nasa ya yi kama da abin da ke faruwa yau a gidajen Sanyinna da Jabo da Kuchi fiye da yadda muke zato.

Kafin ƙyalƙyalin da muke gani

Daular Joseon, wadda finafinan sarauta da yawa ke kwaikwayo, ta mulki Koriya daga 1392 zuwa ƙarshen ƙarni na 19 a kan koyarwar Konfushiyas. A wannan tsari an shimfiɗa wa mace biyayya uku: tana yarinya ta bi uba, ta yi aure ta bi miji, mijin ya rasu ta bi ɗanta. Matan manyan gida ba sa fita sai sun lulluɓe kai da fuska, kuma an ware musu sashensu a can cikin gida. Makarantar 'yan mata ta zamani ta farko, wato Ewha, an buɗe ta a Seoul a 1886 da ɗaliba guda ɗaya tak.

Ko bayan zamani ya zo, dokar iyali ta ci gaba da tafiya a kan tsarin da suke kira hoju, wanda ke rubuta kowane gida a ƙarƙashin sunan namiji. Idan maigida ya mutu, ɗansa ko jikansa namiji, ko da na goye ne, shi ke gaba da uwar da ta haife shi wajen zama shugaban gida a takarda. Lauya mace ta farko a ƙasar, Lee Tai-young, ta buɗe cibiyar ba mata shawarar shari'a a 1956, ta kuma shafe rayuwarta tana neman a gyara wannan doka. Ta rasu a 1998 ba ta ga ƙarshen hoju ba. Sai a 2005 kotun tsarin mulki ta yanke cewa tsarin ya saɓa wa kundin ƙasa, aka daina aiki da shi a farkon 2008. Ku duba shekarar da kyau: yawancin masu karanta wannan shafi an riga an haife su.

Son ɗa namiji kuma ya taɓa kai su wani wuri mai ban tsoro. Da na'urar duba ciki ta yaɗu, sai iyalai suka riƙa zubar da ciki idan mace ce. A 1990, duk jarirai mata 100 da aka haifa, maza sun kai 116. An ɗauki shekaru ana doka da wayar da kai kafin lissafin ya dawo daidai.

'Yar masana'anta da 'yar talla

A 1960 Koriya ta Kudu matalauciyar ƙasa ce da ba ta daɗe da fitowa daga yaƙi ba, kuma mace ɗaya kan haifi 'ya'ya kusan shida. Arzikin da muke gani yau bai faro daga Samsung da wayoyin hannu ba. Ya faro ne daga saƙa da ɗinki da gashin kanti da takalma, kuma waɗanda suka yi aikin 'yan mata ne daga ƙauyuka, da yawansu ba su kai shekara ashirin ba. A kasuwar Pyeonghwa da ke Seoul suna wuni a duƙe kan keke cikin ɗakunan da mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Halin da suke ciki ne ya sa wani matashin tela, Jeon Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a watan Nuwamba na 1970 yana kiran a bi dokar ƙwadago. Albashin waɗannan 'yan mata, a gidaje da yawa, kuɗin makarantar 'yan'uwansu maza ya zama.

Wanda ya taso a Tambuwal ko Kebbe ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Da safe yaro ya rataya jaka ya nufi makaranta, ƙanwarsa ta ɗauki tire ta nufi tasha da ƙosai ko fura ko dafaffiyar gyaɗa. Uwar tana cikin gida tana suyar ƙuli-ƙuli, tana matsar mai, tana turara shinkafa, tana kiwon 'yan awakinta, kuma ba ta da hanyar kai kayanta kasuwa sai ta kan 'yarta. Ribar ana zuba ta adashe don kayan ɗaki, domin ranar biki uwa ake kallo idan gado da kwanuka ba su cika ba. Shi ya sa duk wanda ya ce iyayen karkara ba sa son karatun 'ya'ya mata ne kawai, bai faɗi rabin magana ba. Ranar da yarinya ta zauna a aji, cinikin gidan na ranar ya tsaya.

Masu tsara manufofi sun gane haka. A ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da aka sani da GEP3, wanda ya gudana daga 2012 zuwa 2022, an gwada ba iyaye mata kuɗi a hannu a Jihar Sakkwato don su bar yaran su je makaranta. Gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal, ɗan wannan yanki da ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal tun 2003 kafin ya zama gwamna, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2015. Yanzu kuma jihar na cikin shirin AGILE na Bankin Duniya da ya mai da hankali kan 'yan matan sakandare. Sai dai talauci bai saki ba: rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Sakkwato a kan gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, da kashi 91 cikin ɗari. Ga kuma tsoro. Kebbe na iyaka da Zamfara da Jihar Kebbi, kuma tun sace ɗaliban Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, uban da ya ce ba zai kai 'yarsa makarantar kwana ba, ba a yi masa dariya.

Abin da Koriya ta nuna shi ne wannan hali ba dawwamamme ba ne. 'Yan matan da suka wuni a kan keke sun rantse 'ya'yansu ba za su yi irin rayuwarsu ba. Cikin zuriya ɗaya labari ya juya: tun wajen ƙarshen shekarun 2000, 'yan matan da ke wucewa jami'a daga sakandare sun fi samari yawa.

Ta yi digiri, tukunya na jiran ta

To a nan ne fim yake yanke labari. Macen Koriya ta shiga aji ta yi zarra, ta shiga ofis, amma aikin gida bai ragu da ko cokali ɗaya ba. A cikin ƙasashen ƙungiyar OECD ta masu arziki, Koriya ta Kudu ce ke da giɓi mafi faɗi tsakanin albashin maza da na mata, kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma ta daɗe tana riƙe da wannan matsayi. Babban dalili shi ne haihuwa. Ofisoshinsu na son ma'aikacin da zai kai dare, ya kuma bi maigida cin abinci bayan an tashi. Mai jego ba za ta iya ba, sai ta ajiye aiki. Idan ta dawo bayan shekaru, sai ta tarar sa'o'inta maza sun yi gaba, ita kuma sai ƙaramin aiki. Abin ya yi yawa har suna da kalma ta musamman ga macen da aure da raino suka katse wa aiki.

Suna da manyan bukukuwa biyu, Chuseok na kaka da Seollal na sabuwar shekara. A al'ada matar ɗa kan tafi gidan surukai ta kwana tana girki da wanke-wanke, maza na falo suna hira. Duk wadda ta taɓa aikin naman layya a gidan surukai tun daga wankin kayan ciki har suyar dare ta san wannan gajiya, ko ba ta san inda Seoul take ba. Wani littafin ƙagaggen labari na Cho Nam-joo da ya fito a 2016, a kan wata mata mai suna Kim Ji-young, ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya saboda kawai ya zayyana irin wannan rayuwa, kuma 'yan wasa mata da aka ga suna karanta shi sun sha zagi a intanet.

A siyasa ma da sauran tafiya. Sun yi shugabar ƙasa mace, Park Geun-hye, daga 2013 har aka tsige ta a 2017. A zaɓen 2024 mata 60 suka shiga majalisa mai kujeru 300, su kuma suna ganin ya yi kaɗan. Mu a nan, cikin sanatoci 109 na majalisa ta goma mata huɗu ne kacal, kuma cikin kujeru 30 na Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato zaɓen 2023 bai kawo mace ko ɗaya ba.

0.72 da bakwai

Da aka ce wa mace ta zaɓa tsakanin aikin da ta sha wahalar karatu dominsa da kuma raino ita kaɗai, a ƙasar da gida ke da tsadar gaske kuma kuɗin lesin ɗin yara ke cinye albashi, da yawa sun ja baya. Matsakaicin shekarun auren fari na mace ya haura 31. A 2023 adadin haihuwa ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya, ya ɗan ɗaga zuwa 0.75 a 2024. Akwai makarantun firamare fiye da ɗari da suka buɗe shekarar karatu ba su da ɗan aji ɗaya ko guda. Gwamnati ta zuba maƙudan kuɗi tun 2006, wani kamfanin gine-gine mai suna Booyoung har won miliyan 100 ya riƙa ba ma'aikacinsa a kan kowane jariri, kuma a watan Yunin 2024 shugaban ƙasa na lokacin, Yoon Suk-yeol, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin.

A Sakkwato kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace kan haifi kimanin bakwai. Nesa ba kusa ba. Amma ka tambayi kanka: a can da nan, wa ke tashi tsakar dare idan yaro ya yi zazzaɓi? Wa ke ɗebo ruwa, wa ke surfe, wa ke wanki? A ƙasashen biyu an ɗauki wannan aiki kamar ruwan sama, abin da ke zuwa da kansa ba a biya ba a gode. Bambancin shi ne macen Koriya tana da albashin da za ta ce a'a, ta Kebbe kuma sau da yawa jikinta ne ke biya.

Don haka masu cewa boko ne ya hana Koriyawa haihuwa su ƙara dubawa. Faransa da Siwidin ma matansu sun yi karatu suna aiki, kuma haihuwarsu ta ninka ta Koriya ko kusa da haka, domin akwai wuraren raino da hutun haihuwa, a Siwidin har da kason da aka keɓe wa uba. Karatun mace bai rushe gida ba. Abin da ya gajiyar da ita shi ne an canza mata komai a waje, ba a canza komai a cikin gida ba.

4B, da wayar da ta zama makami

Bayan zaɓen Amurka na Nuwamban 2024 kalmar 4B ta cika soshiyal midiya, har ta iso shafukan Hausa. Wani yunƙuri ne na wasu matan Koriya da suka ce ba aure, ba haihuwa, ba soyayya, ba kusantar namiji. A can ɗin ma tsiraru ne, sunan ya fi su girma. Amma fushin da ya haife shi na gaske ne. A 2016 wani mutum ya kashe wata budurwa da bai sani ba a banɗaki kusa da tashar Gangnam, ya ce mata sun daɗe suna raina shi. A 2018 dubban mata suka cika titunan Seoul saboda ƙananan kyamarorin da ake ɓoyewa a banɗakuna da otal. A 2024 aka bankaɗo zaurukan Telegram inda ake ɗaukar hoton 'yar makaranta a haɗa shi da tsiraici ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, har majalisa ta mai da ko kallon irin wannan bidiyo laifi.

Samarinsu su ma suna da nasu ƙorafi, musamman aikin soja na dole na wata 18 zuwa sama da mata ba sa yi, ga rashin aiki. 'Yan siyasa suka shiga tsakani suka hura wuta, har Yoon ya yi kamfe a 2022 da alƙawarin rushe ma'aikatar daidaiton jinsi. Yau samari da 'yan matan Koriya sun rabu hatta a akwatin zaɓe.

Wannan ne ɓangaren da ya fi kusa da mu masu riƙe da waya. Mun san yadda hoton yarinya ko muryarta ke yawo daga wani zaure zuwa wani bayan an ɓata da saurayi, kowa na cewa "subhanallahi" yana kuma turawa gaba. A gari kamar Tambuwal inda kowa ya san gidan kowa, hoto ɗaya ya isa ya fasa aure, ya kuma sa uba ya cire sauran 'ya'yansa daga makaranta. Jihar Sakkwato ta sa hannu a dokar hana cin zarafi da dokar kare yara a 2021, amma doka ba ta shiga zauren WhatsApp. Wanda ke ciki ne zai iya cewa a goge. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Likitar sarki

Masu son finafinan sarauta za su tuna Dae Jang Geum na 2003, labarin macen da ta zama likitar Sarki Jungjong. Akwai tarihi a bayansa. A 1406 fadar Joseon ta fara horar da mata aikin magani, saboda matan manyan gida sun gwammace su mutu da ciwo a kan namiji ya duba su. Wato al'ummar da ta fi kowa tsare mata ita ce ta fara gane ba za ta rayu ba sai da mata masu ilimi.

Shekara ɗari shida bayan haka, mu ma muna kan wannan gaɓa. Magidanci zai kai matarsa asibiti tana naƙuda ya dage sai mace ce za ta karɓi haihuwa, kuma yana da gaskiyarsa. Amma ungozomar nan da nas ɗin nan 'yar wani ce da aka bari ta gama sakandare. Ga kwalejin koyon aikin jinya a cikin garin Tambuwal. Idan 'yan matan Sanyinna da Kebbe da Kuchi ba su kai aji shida ba, wa zai cike kujerunta, kuma wa zai yarda ya zauna a asibitin ƙauye idan ba 'yar ƙauyen ba?

Ba sai mun je Seoul aro ba

Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ya riƙe. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu su koma su koyar. Ta yi wannan shekaru da dama kafin a buɗe Ewha. Mahaifinta kuwa a Nurul Albab ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

Haka ma dukiya. Sai a farkon shekarun 1990 dokar Koriya ta daina rage wa 'yar da ta yi aure rabon gado. Mu shari'a ta yanka wa mace rabonta tun fil azal, ta ce sadakinta da cinikinta nata ne. Tambayar ita ce gonaki nawa ne a fadamun Kebbe ke hannun yayye maza da sunan "ana juya mata", shekara da shekaru ba ta ga ko buhu ɗaya ba.

Saboda haka 'yar'uwa, ki kalli fim ɗinki, amma ki sani namijin lema marubuci ne ya ƙirƙiro shi, kuma yawancin marubutan waɗannan finafinai mata ne da ke rubuta irin namijin da suke fatan samu. Abin koyi a wurin macen Koriya shi ne naci a kan karatu da sana'a. Kai kuma ɗan'uwa, kafin ka tura wancan bidiyon na "ƙarshen boko", duba cikin gidanku. Idan ƙanwarka na talla lokacin makaranta, kai ma kana da ƙafa, kuma mashin ɗinka na iya kai ƙuli-ƙulin inna tasha. Idan kana shirin aure, ku yi maganar karatunta da aikinta tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai, ba bayan an ɗaura ba. Idan Allah Ya ba ku haihuwa, ɗaukar jariri da dare bai taɓa rage wa kowa girma ba, kuma Manzon Allah (SAW) ya kasance yana taya iyalinsa aikin gida.

Koriya ta tura 'ya'yanta mata makaranta ta bar gyaran gida sai daga baya, yanzu tana biyan bashin da kuɗi ya kasa biya. Mu da muke farkon hanya muna da damar da su ba su samu ba: mu ɗauki biyun tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.